Murfin Rijiyar Kausani

Mutumin da ya fara yi mini magana a ƙasar Ingila shi ne ya tafi da akwatina. Mun sauko daga jirgin ruwa a Liverpool da hantsi, ina tsaye da akwati a hannu ɗaya, jakar takardu a ɗaya hannun, sai ga wani dattijo cikin baƙar kwat ya nufo ni yana murmushi. Ya ce an aiko shi ne ya tari ɗaliban Nijeriya. Ban tambaye shi wanda ya aiko shi ba, don a gidanmu in babba ya ce an aiko shi, yaro ba ya cewa a nuna masa shaida. Ya karɓi akwatin, ya ce in tsaya a ƙarƙashin agogo, zai kawo mota. Na tsaya har aka kunna fitilun tasha. Ko a lokacin ban yarda cuta ce ba. Na yi ta ba shi uzuri: wataƙila motar ce ta lalace, wataƙila ni ne na tsaya a ƙarƙashin agogon da ba shi yake nufi ba.

Bargon da Inna ta saya mini a kasuwar Wudil yana cikin akwatin nan, da kilishi, da kuka da daddawa da yaji, da rigunan sanyin da aka ɗinka mini a Ikko. Abin da ya rage mini shi ne takarduna, da babbar rigar da na ɗora a kan kwat saboda iskar teku.

Sunana Habu, mutumin Kausani ne ni, a ƙasar Wudil. Wannan tafiya a tsakiyar shekarun 1950 na yi ta, kafin a ba mu mulkin kai. Na gama kwalejin aikin injiniya a Kudu, na kama aiki a sashen da ke gina rijiyoyin siminti a karkara. Hukuma tana shirin sayen famfon hannu daga wani kamfani a Ingila don a ɗora a kan rijiyoyin, sai aka tura ni in zauna da kamfanin shekara guda, in koyi yadda ake gwada famfon, in kuma gaya musu abin da mutanenmu suke bukata. Kafin in taso an tambaye ni rijiyar da ta dace a fara gwaji a kanta, na ce ta garinmu. Ita ce rijiyar da mahaifiyata take ɗibar ruwa, kuma babu wata a garin sai ita.

Garin da kamfanin yake yana tsakiyar ƙasar, garin maƙera ne, hayaƙin kwal ya mayar da ko'ina launin toka. Gidan da aka rubuta mini in sauka, matar gidan ta buɗe ƙofa, ta dube ni daga hula har takalmi, ta ce an riga an ba da ɗakin. Na bi layi ina ƙwanƙwasa duk ƙofar da na ga alamar haya a tagarta. Wasu sun ce a'a da ladabi, wasu labulen taga kawai na ga ya motsa. A ƙarshen layin wata tsohuwa mai suna Misis Doyle ta ce akwai ɗaki a can sama, ƙarami ne, in na miƙe sosai zan bugi rufi, amma in ina so in shigo kafin in daskare mata a bakin ƙofa.

Washegari da safe na gaishe ta yadda aka koya mini gaida uwa. Na tambaye ta kwana, na tambaye ta gajiya, da sanyi, da mutanen gida. Ta ajiye butar shayi ta tsaya tana dubana.

“Wani abu ka ji an ce ya same ni?”

“A'a, Misis Doyle, gaisuwa ce.”

“To a nan in mutum ya jero maka tambayoyi haka, ko likita ne ko ɗan sanda. Zauna ka ci ƙwanka kafin ya huce.”

Da ta ga zan fita aiki da babbar riga a kan kwat, ta hau sama ta sauko da wata doguwar rigar sanyi mai nauyi, hannuwanta sun wuce yatsuna. Ta ce ta mijinta ce, shi kuma inda yake yanzu ba ya jin sanyi. Da rigar na yi shekarar nan.

Abin da ya fi damuna a watannin farko ba sanyin ba ne, shirun ne. Sai in wuni, in kwana, ba wanda ya tambaye ni yaya na baro gida. Kalma guda suke jefa maka suna tafiya, kafin ka shirya amsa sun sha kwana. Ran Lahadi, da babu aiki, nakan zauna a bakin gado in yi ta gaisawa da mutanen Kausani a raina, gida gida, daga ƙofar dagaci har bayan gari. Wani lokaci nakan ji kaina ina amsawa a fili.

Aikina a ɗakin gwaji yake, ƙarƙashin babban injiniya, Mista Fenton, wani dogon mutum siriri wanda ba ya rabuwa da lofe a baki ko da babu wuta a ciki. A tsakiyar ɗakin akwai tanki, a kansa an kafa famfo, sai wani injin lantarki da ke ɗaga hannun famfon yana saukewa dare da rana, ba ya gajiya, ba ya hira. Suna zuba yashi a ruwan, suna haska wa ƙarfen fitilu masu zafi don su kwaikwayi ranarmu. Kowane mako nakan kwance famfon in auna yadda robar da ke turo ruwa sama ta cinye.

A ranar farko Mista Fenton ya ce mini, “Duk abin da ɗan Adam ya ƙera zai lalace. Wanda ya ce maka nasa ba ya lalacewa, ɗan talla ne. Mu tambaya biyu muke yi: yaushe zai lalace, kuma wane ɓangare ne zai fara.”

Ba zan ce bai damu da mutanenmu ba. Yakan zaunar da ni ya yi ta tambaya. Matanku dogaye ne ko gajeru? Da bokiti suke zuwa ko da me? Yaya zurfin rijiyar yake da rani? Da na kwatanta masa tulu, ya sa aka ɗaga bakin famfon don tulu ya shiga ƙarƙashinsa ba tare da an karkata shi ba, ranar na koma gida ina jin na yi wani abu. Sai dai ni mutum ne da ba ya son faɗin abin da bai auna ba. Kowace amsa sai na lulluɓe ta da “ina jin” ko “mai yiwuwa”. Ba a daɗe ba ma'aikatan suka sa mini suna Mista Wataƙila.

“Mista Wataƙila, yau za a yi ruwa?”

“Ai ga shi nan ana yi.”

“Ka tabbata?”

Sai su fashe da dariya, ni ma in yi, don aƙalla an yi magana da ni.

Tsarin kamfanin shi ne a rufe bakin rijiya ruf da murfin siminti, a ɗaure famfon a kai, babu ko hudar da yatsa zai shiga. Da na fara ganin zanen ya burge ni ƙwarai. Na tashi ina ganin abin da ke faɗawa rijiya: ganye, ɓera, ɗan akuya. Na san inda ake ajiye guga, a ƙasa, cikin taɓon da jakuna da awaki suka tattake, sannan a ɗauka a sake zurawa. Na ce a raina wannan murfi rahama ne.

Wata rana manajan ciniki ya same ni ya ce ma'aikata suna son hoton tunawa da ni, in zo da kayanmu na gida. Na sa babbar rigata, aka tsayar da ni na kama hannun famfo, aka ce in yi murmushi. Na ji daɗi har na yi tunanin aika wa Inna guda. Bayan 'yan makonni na ga hoton a bangon takardar tallar kamfanin, an rubuta a ƙasa cewa mutanen Arewacin Nijeriya sun gwada famfon sun gamsu. Mutanen Arewacin Nijeriyar ni ne, ni kaɗai, ruwan kuma na tanki ne. Na riƙe takardar na daɗe ina dubawa, sannan na mayar da ita inda na ɗauka. Ban ce wa kowa komai ba. Na ce wataƙila haka al'adar kasuwancinsu take.

Cikin tsakiyar sanyi aka yi wasu kwanaki da ko su 'yan ƙasar sun ce ba su saba ganin irinsu ba. Wata safiya na murɗa famfon ɗakin wanka don alwala, ko ɗigo bai zo ba. Ruwan ya daskare a bututu, bututun ya fashe, duk layinmu babu ruwa. Misis Doyle ta ba ni bokiti muka fita. Na ga mutane tsaye a ƙofofinsu, kowa da bokiti, ba su san inda za su nufa ba. Amma kafin hantsi ya yi nisa motar tanki ta zo ta raba ruwa, kafin la'asar masu gyara sun haƙe titi sun sauya bututu.

A layin motar tankin nan, da bokiti a hannuna, abin ya faɗo mini. A Kausani kowane gida da gugansa da igiyarsa. Guga ba ya ƙarko, igiya ma haka. In Mista Fenton ya sa su a ɗakin gwajinsa ba za su yi mako ba. Amma in igiyarka ta tsinke, ka ari ta maƙwabci. In guga ya faɗa, a ɗauko ƙugiya a ciro shi. In ya yage, ka kai wa baduku ran kasuwa. Kullum wani gugan yana lalacewa, amma ba su taɓa lalacewa duka rana ɗaya ba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin garin ya kwana da ƙishi saboda kayan ɗiba ba. Yanzu za mu kwashe waɗannan gugunan duka mu maye gurbinsu da abu guda mai ƙarko, mu kuma toshe hanyar komawa. Ranar da robar nan ta cinye, babu motar tanki. Sabuwar roba sai ta hau jirgin ruwa zuwa Ikko, ta hau jirgin ƙasa zuwa Kano, ta hau mota zuwa Wudil, in ma an tuna an yi odarta. Kafin nan mutane kududdufin bayan gari za su koma. Na san abin da ke cikin kududdufin. Mahaifina ya taɓa kwanciya damina guda da kurkunu a ƙafa biyu, shekarar gonarmu ciyawa ta ci.

Na ɗauki wannan magana a cikina har sanyi ya fara sauƙi. Kullum in shirya faɗa, kullum in fasa. Ba ni da lissafin da zan nuna. Ni baƙo ne, an karɓe ni ana koya mini aiki, kuma kamfanin ne zai rubuta wa hukuma yadda na zauna. In suka ce mai taurin kai ne, ko mai butulci, za a iya mayar da ni gida kafin lokaci, in shiga Wudil da kunya. Ban da haka, ban tabbata ni ne mai gaskiya ba.

Cikin wannan hali azumi ya kama. A can furanni suna fitowa, rana ba ta faɗuwa da wuri, a gida kuwa na san bazara ce, lokacin da ruwan rijiya yake sauka can ƙasa, igiya ba ta isa sai an ƙulla mata wata. Wata rana da rana, ma'aikata sun tafi cin abinci, ina zaune ni kaɗai a bayan ɗakin gwaji, na ji an ce, “Salamu alaikum.” Rabon da in ji wannan kalma daga bakin wani tun a jirgin ruwa. Na miƙe har na kusa faɗuwa. Wani gajeren mutum ne mai furfura, fuskarsa duk baƙin kwal, daga sashen narka ƙarfe. Sunansa Salihu, mutumin Yaman. Ya ce ya lura kwana biyu ba na shiga ɗakin abinci.

Na amsa masa da Larabcin da na koya a zaure. Ya saurara har na gama, sannan ya yi dariya.

“Ɗan'uwa, kana magana kamar liman a kan mumbari. Ni dai tambayarka nake, ina kake buɗa baki?”

Daga ranar a ɗakinsu nake shan ruwa, su da yawa a ɗaki guda, shinkafa da naman rago a faranti ɗaya, da hannu. Yajinsu ba irin namu ba ne, amma yaji ne. Wata rana bayan mun yi magariba na ba shi labarin rijiyar, ban san ko ya fahimci rabinsa ba.

“To me kake tsoro?” in ji shi.

“Kada su mayar da ni gida.”

“Gida ne fa, ba kurkuku ba. Ni da za su yi fushi su mayar da ni gida, da tuni na zagi manaja. Ci abinci.”

Washegari na sami Mista Fenton shi kaɗai. Na yi ta kewaye-kewaye har ya cire lofen daga baki ya ce in faɗi abin da ya kawo ni. Na ce ina jin, in ba zai zama damuwa ba, wataƙila ya kamata a bar 'yar ƙofa a jikin murfin, wadda guga zai iya shiga ranar da famfo ya tsaya.

Ya ajiye lofen a kan tebur. Sannan ya ce shi ma a ƙauye ya tashi, kuma rijiyarsu a buɗe take. Yana da ƙanwa. Wata shekara zazzaɓin hanji ya shiga ƙauyen ta ruwan rijiyar, ya ɗauki yara, har da ita.

“Saboda haka nake wannan aikin, Habu. Ba famfo nake sayarwa ba, murfi nake sayarwa. Famfon hanya ce kawai ta fitar da ruwa daga abin da na rufe. Kai kuma kana so in huda shi.”

Na ba shi haƙuri, na fita. Daren nan ban ci abin kirki ba. Na ga kamar na taɓa masa kabari.

Amma shi da kansa ya sa maganar cikin taron da za a yanke tsarin ƙarshe. Muka zauna a dogon tebur, suna shan shayi, ni bakina a bushe. Manajan ciniki ya fara. Ya ce mai sayen kayansu hukuma ce, hukuma kuma rufaffiyar rijiya ta nema. In aka sa ƙofa, kamar kamfani ya faɗa da bakinsa cewa famfonsa zai mutu ne. Ya juyo gare ni da murmushi ya ce abin mamaki ne wannan magana ta fito daga mutumin da fuskarsa take kan takardar talla.

Mista Fenton ya ce, “Bar wannan. Habu, ni injiniya ne, ka ba ni lissafi. Mutum nawa kududdufi zai kwantar in famfo ya tsaya, mutum nawa guga zai kwantar in ƙofa ta buɗe?”

“Ba ni da shi, ranka ya daɗe.”

“To ka tabbata ƙofar ta fi alheri?”

Na ji wani a ƙarshen tebur ya yi 'yar dariya, ya san amsar da na saba bayarwa.

Na ce, “Ban tabbata ba. Abin da na tabbata guda biyu ne. Famfon zai tsaya wata rana, kai ka koya mini haka, ni kuma na auna robar da hannuna. Na biyu, ranar da ya tsaya babu mai zuwa. Kun tambayi yaushe zai lalace, kun tambayi ina zai fara. Ba a tambayi abin da mahaifiyata za ta sha washegari ba. Hukuma ce take saye, amma ba ita take ɗiba ba.”

Mista Fenton ya jawo zanen gabansa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗauki fensir ya zana ɗan murabba'i a gefen murfin.

Ya ce, “Ka sami ƙofarka. Ta ƙarfe, da leɓe a kewaye don kada taɓo ya gangara ciki, da kwaɗo. Ba a buɗewa sai famfo ya mutu, kuma kai za ka rubuta wannan doka ka sa hannu. Amma ka sani, duk abin da ya shiga ta nan, kai ka buɗe masa.”

Na ce na yarda. Ban ji kamar na yi nasara ba. Na ji kamar an ɗora mini kaya ne ba gammo.

Ba a kore ni ba. A takardar da suka aika wa hukuma sun ce ni mai ƙwazo ne, sai dai yawan damuwa. Ranar tafiya Misis Doyle ta raka ni bakin ƙofa, ta tambaye ni kwana, da gajiya, da sanyi, da mutanen gida, a jere, fuskarta a ɗaure kamar mai karanta darasi, sannan ta ce in tafi kafin jirgi ya bar ni.

Da rani aka ɗora famfon a Kausani. Dagaci ya zo, liman ya yi addu'a, yara suka yi ta tsalle da ruwa ya fito fari tas ba ko ganye. An ajiye ni aiki a Wudil, makullin ƙofar kuma na riƙe shi a wurina, don ban yarda in bar wa kowa ba. Makonni kaɗan bayan haka, ran kasuwa, ina ofis sai ga yayana Ɗanjuma a kan keke. Muka gaisa, muka gama da gida da gona da dabbobi, sannan ya ce Inna ta ce in zo gobe da sassafe, in taho da makullina.

Na ce, “Ya lalace ne, Yaya?”

“Lafiyarsa ƙalau. Ya fi ni lafiya ma. Kai dai ka zo.”

Na isa bayan asuba, gari ya fara haske. Tun daga nesa na hango tuluna a jere, layi ya tashi daga bakin rijiya ya bi gefen shingen dagaci ya sha kwana. Famfon yana aiki yadda aka ƙera shi, mace guda tana bugawa, tulu guda yana cika, sauran suna tsaye. A da bakin rijiyar nan mutane suke kewaye shi, guguna da yawa suna sauka suna hawa a tare, kafin rana ta ɗaga kowa ya koma gida ya ɗora tukunya. Garin duka a lokaci guda yake ɗiba. Na san haka tun ina goye. Amma injin da ke ɗakin gwaji shi kaɗai ne, ba ya bin layi, ba shi da yaran da ke jiran koko, kuma ni da aka kai don in faɗi yadda muke, ban taɓa kawo wannan a raina ba. A gefe kuma ga makiyayan da suka kwana a hanyar dawowa daga kasuwar Wudil, sun tsaya da shanunsu suna jiran mata su gama.

Hansai, ƙanwar kakata, wadda tun ina yaro take kirana mijinta, ita ta fara ganina.

“Ga angon nan. Shekara guda a ƙasar Turawa, tsarabar da ka kawo mana layi ce? Tun kiran salla nake nan, maigida. In na mutu a tsaye ka binne ni da tuluna.”

Mata suka yi dariya, amma ba dukansu ba. Na durƙusa na gaida Inna. Ba ta ce mini in buɗe ba. Da haɓa ta nuna mini hanyar bayan gari. Na duba, sai na ga mata da 'yan mata sun fita daga ƙarshen layi, tulunansu a ka, sun nufi kududdufi. Ta ce kullum haka ake, wadda ta ga rana za ta yi mata sai ta tafi can, matar Yaya ma jiya can ta ɗebo.

Na tsaya a kan murfin. Dokar da na rubuta da hannuna ta ce ba a buɗewa sai famfo ya mutu, ga shi kuwa yana numfashi a gabana. In na buɗe, gugan farko da ya taɓa ƙasa ya koma ciki ya mayar da rijiyar yadda take a da, ruwan famfon ma ba zai tsira ba, don ruwa ɗaya ne. Na tuna ƙanwar Mista Fenton, wadda ban san ko sunanta ba. In na bar ta a rufe, na san inda waɗancan matan za su cika tulunansu, kuma na san abin da zai fito a ƙafafun mutane lokacin da gona take jiransu. Na nemi lissafi a kaina, babu. Babu kuma wanda zan tambaya, duk wanda ke wurin ni yake kallo.

Na ce wa Yaya ya bi matan nan ya ce su dawo. Na durƙusa na sa makulli a kwaɗo. Ƙofar ta yi nauyi, sai da wani makiyayi ya kama mini. Sanyin rijiya ya bugo fuskata, da ƙanshin da na sani.

Na fara bayani cewa kada a ajiye guga a ƙasa, a kafa sanda a rataye, a rufe ƙofar da hantsi. Wasu sun ce to. Ban san ko sun ji ba, don guguna sun riga sun fito daga inda aka ɓoye su, ashe da su ake zuwa kullum. Inna ta zura nata, ta jawo shi hannu bi hannu yadda ta saba, ta tsiyaya a moɗa ta miƙo mini, don na yi tafiya ban sha komai ba.

Na karɓa da hannu biyu. Akwai ɗan ƙaiƙayi yana yawo a saman ruwan. Na san abin da ido ba ya gani ya fi shi yawa. Inna tana tsaye tana jiran moɗarta, bayanta layi ya watse, mutane sun kewaye rijiya suna hira. Na hure ƙaiƙayin gefe, na yi bismilla, na shanye.